Wayar da Ba Ta Hucewa

Da ta zura hannu cikin jaka za ta ɗauko biro, yatsunta suka taɓa wayar, ta ji ta da ɗumi kamar an shanya ta a rana. Tun fitowarta daga gida ba ta kira kowa ba. Ta ciro ta, ta jona mata caji. Watanni ke nan wayar tana haka, batirinta ba ya kai azahar.

Injiniya ake ce mata a kamfanin, wanda aikinsa kai wa mutane kaya har ƙofar gida. Ita ke kula da wayoyin da aka raba wa direbobi da 'yan babur. Daga kwamfutar da ke gabanta take kulle wadda ta ɓata, ta tura wa sabuwa manhajojin aiki. A makon jiya wani direba ya latsa saƙon da ya yi masa alkawarin kyautar data, lambobin kwastomomi suka faɗa hannun 'yan damfara. Shi ya sa manaja ya ce kafin a tashi yau, kowace waya ta samu manhajar kariya.

"Wallahi kaina sara yake tun asuba," ta ce wa Dogo, abokin aikinta, tana matsa goshi.

"To mene ne na damuwa? Malamin dubanki na nan tafe da magani."

Ta harare shi, amma sai da murmushi ya ƙwace mata. Haka Dogo ke kiran mijinta, wanda ke koyarwa a wata sakandare da ke bayan layin ofishin. Duk ofishin an san shi da sanin abin da ke ranta tun kafin ta furta. Matan sashen karɓar kira har roƙonta suke ta faɗa musu inda ake samun irinsa.

Ta koma kan aikinta. Ta saita manhajar ta riƙa bincike kowace safiya. Ta rufe ƙofar da aka daɗe da bari a buɗe, wadda ke ba kowa damar sauke manhaja daga inda ya ga dama. Sai ta iso zaɓi na ƙarshe: idan an kama abu mai cutarwa, a goge shi nan take, ko a killace shi sai an duba?

"Goge kawai," in ji Dogo, yana leƙe ta saman kafaɗarta. "Direbobin nan ba abin da ba su jibga ba."

"In na goge wa wani hotunan 'ya'yansa bisa kuskure, kai za ka tare shi a bakin ƙofa?"

Ta zaɓi killacewa. Tana da doka guda da ba ta taɓa karyawa ba: duk sabon tsari a kan wayarta take fara gwada shi, kafin ya je wa kowa. Ta tura shi, ta jingina da kujera tana jiran koren layi.

Ja ne ya fito.

Dogo ya tuntsire da dariya. "Kai! Ashe ɓarawon da gidan mai gadi ya fara!"

Ta buɗe bayanin. Wata manhaja ce mai hoton ƙaramin sifana, an raɗa mata suna irin na kayan cikin waya don kada ido ya tsaya a kanta. Tana kunna makirufo. Tana kwafe saƙonni. Tana faɗin inda wayar take, tana aika duka zuwa wata waya. Ba ta hanyar saƙo ta shigo ba, hannu ne ya riƙe wayar ya sa ta. A ƙasa kuma ga ranar da aka sa ta.

Ba ta buƙaci kalanda ba. A ranar tana kwance a gadon asibiti, cikin da ta yi wata biyar tana tattali ya zube. Mijinta ne ya riƙe mata jaka. Shi ya sunkuyo ya tambaye ta lambobin buɗe wayar, ya ce zai sanar da ofis halin da ake ciki.

Dogo ya ga yadda fuskarta ta koma, dariyar ta mutu a bakinsa. Ya koma teburinsa yana jujjuya wasu igiyoyin caji da ba su yi masa komai ba.

Abubuwa suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya. Ranar da motar haya ta lalace da ita a wata unguwar da ba ta faɗa masa za ta ba, sai ga shi a kan babur, wai hanya ce ta biyo da shi. Ranar da ta kira yayarta daga banɗakin ofis tana kuka, ta ce ba ta iya buɗe durowar da kayan jaririn suke ciki, washegari ta tarar da durowar wayam, an jera mata mayafanta a ciki. Ta yi kuka a ƙirjinsa a lokacin, tana gode wa Allah da ya ba ta mutumin da ke jin maganar zuciya. Sai kuma ta tuna sauran abubuwan da ta faɗa wa yayarta, waɗanda ba ta so ko bango ya ji.

Ana dab da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mijinta ya shigo da sallama, alli a gefen hannun rigarsa, 'yar farar leda a hannu.

"Injiniyata, na ce bari in leƙo. Jikina ya ba ni kamar kanki na ciwo."

Dogo ya miƙe, ya gaishe shi ba tare da tsokanar da ya saba ba, ya ce ana nemansa a sito.

Ta juya masa allon kwamfutar. Ya karanta a tsaye, leɓensa na motsi kamar mai duba jarrabawar ɗalibi. Da ya iso kan ranar, ya nemi kujerar Dogo ya zauna.

"Ina kwance," ta ce, muryarta can ƙasa. "Ko jinin bai tsaya ba."

"Likita ya ce in sa miki ido. Ya ce wasu matan, bayan irin wannan…" Ya haɗiye sauran. "Tsoro na ji. Da na nufi mako biyu ne kawai."

"Da ka tambaye ni."

"Na tambaye ki. Kullum sai ki ce ba komai." Ya kalli ledar da ke hannunsa. "Kina yi wa Yaya magana, kina yi wa Dogo. Ni in na shigo sai ki yi murmushi ki kawo min ruwa. A nan kaɗai nake jin muryarki ta gaskiya."

Ta so ta ce ƙarya ne, ta kasa.

"Duk ka ji?"

Ya ɗaga kai alamar e.

"Har ranar da na ce in na kalli fuskarka, fuskar yaron nake gani, shi ya sa ba na son kallonka?"

"Har ita."

"Kuma ka dawo gida ka ci abinci, ka yi min hira."

"To me zan ce? In na yi magana, kin gane."

Daga waje wani ɗan babur yana ta danna hon, yana kiran a buɗe masa get. Ta share idonta da bakin mayafi.

"Ka san abin da ya fi min ciwo? Na ɗauka sanina ka yi."

A kan allon, manhajar na nan a killace, ƙarƙashinta maɓalli biyu: a sake ta, ko a goge. Wayoyin direbobi kuma na jere suna jiran a tura musu tsarin. Ta kai hannu, yana kallo, ta latsa gogewa. Layin ya koma kore.

Ya miƙa hannu ya taɓa wayar da bayan yatsunsa, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ta huce.

Ya buɗe ledar, ya ɓallo ƙwaya biyu na maganin ciwon kai ya ajiye a kan wata takarda kusa da hannunta. Ya tsiyaya ruwa a kofinta, ya matso da shi. Ya ɗan tsaya, ko za ta ɗago. Idonta na kan allo.

Ya ɗauki ledar ya ninke ta, ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya riƙe marfin da hannu biyu har ya rufu a hankali, don kada ƙarar ta taɓa mata kai.