Alƙiblar Masallacin Bapak

…kuma kai ne ka ce darasin share fage ne, Pak Muhtarom, malamina. Da bakinka ka faɗa, ranar farko, kana goge gilashinka da bakin riga. "Gabatarwa ce kawai ga ilmin falaki, kada kowa ya tsorata." Gabatarwa! To ga gabatarwarka nan. Ga ni durƙushe a kan simintin gefen masallacin ƙauyenmu, alli a hannu, gwiwoyina sun yi fari fat, ina jiran rana ta ga dama ta fito daga bayan girgije.

Ni fa taurari na zo gani. Wallahi abin da ya sa na rubuta sunana ke nan. Na ɗauka za a hau rufin bene a leƙa madubin hangen nesa, a ce ga wancan, ga wancan, mu ce Subhanallah, a ba mu maki mu watse. Madubin nan sau ɗaya na gan shi — ta gilashin kabad ɗin ofishinka, a kulle, ko ledarsa ba a cire ba. Abin da na gani lissafi ne. Kusurwa a cikin kusurwa, alwatika a kan ƙwallo… wa ya aiki alwatika hawa ƙwallo? "Duk awa ɗaya da kuka yi a gabana, ku yi uku a ɗakunanku." Uku daga ina? Kai kaɗai ne malami a jami'ar? Mai fiƙihu yana son nasa ukun, mai nahawu yana son nasa, ni kuma cikina yana son shinkafa, idona yana son barci. Aikin gida duk Litinin, wanda ya makara ko da numfashi ɗaya ne ya ajiye abinsa ya yi filo da shi. Gwaji babu sanarwa. Sai kuma zanen wata — haba Pak, tsakiyar damina ka ce kullum mu fita mu zana wata! "Girgije ba uzuri ba ne. In girgije kuka gani ku zana girgije." Yuyun, ƙawata da muke ɗaki ɗaya, ta kwafi nata daga waya, tsaf da shi kamar na littafi. Ka ɗaga takardar gaban aji ka ce, "Yuyun, a lokacin da kika rubuta nan wata bai ma fito ba. A wace ƙasa kika kwana?" Ta yi kuka har majina. Ni da zanena mai kama da ɓawon ayaba na tsira.

Kai ba a yi maka wayo, na sani. Shi ne ma abin da ya dame ni yanzu.

Girgijen nan ko motsi… a'a, yana motsi. Gefensa ya fara haske.

Rabin makin darasin gaba ɗaya yana kan zaren nan. Zare ɗaya da dutse a ƙarshensa, yana reto daga tsakiyar ƙafafun gora da aka haɗe kawunansu. Yau rana za ta tsaya daidai kan Ka'aba, ka ce, su can tsakar rana, mu nan bayan la'asar, kuma a wannan ɗan lokacin duk abin da ya tsaya cak inuwarsa tana kan layin alƙibla. A ja layi da alli, a gwada da bangon masallaci, a ɗauki hoto. In inuwa ta tafi kafaɗa da kafaɗa da bango, masallaci daidai yake. In ta karkace… Jiya ma an yarda a auna, amma jiya ruwa aka kwana ana yi aka wuni. Saura yau. In ban kawo hoto ba na faɗi, darasin kuma sai baɗi, baɗin ma a gabanka.

Kuma ba ka tsaya nan ba, ina! "Kowa ya koma masallacin da ya koyi salla. Abin da ya samu ya tsaya ya faɗa wa mutanensa da bakinsa." Na bi ka har ofis. Na ce Pak, ga masallacin tasha kusa da ɗakinmu, babu wanda ya san ni. Ko ɗago kai ba ka yi ba. "Lastri, lissafi a masallacin baƙi kowa ya iya. Ni so nake ku yi shi inda za a ce muku 'yar wane."

To 'yar wane ce. 'Yar liman ce.

Dubi Bapak, don Allah. Babana. Ya sa rigar batik ɗinsa ta zuwa ɗaurin aure, ya goge baƙar hularsa. Tun asuba yake fafe gora yana ɗaure mini ƙafafun nan, ya kwance ya sake ɗaurewa, wai kada zaren jami'a ya karkace a hannunsa. Na ce masa Bapak, aikin makaranta ne kawai, ni kaɗai zan yi abina shiru. Shiru? Ana sallame la'asar ya juyo ya ce kada kowa ya tafi, 'yarsa za ta auna alƙibla da ilmin zamani. Ga su can jere a baranda, tsofaffin sahun gaba, da shayinsu mai zaƙi da soyayyen rogo, sai ka ce kallon ƙwallo suka zo. Tsohon nan Mbah Sarju da haƙoransa biyu yana ta ɗaga murya: "Yarinya, ko mu taru mu hure miki girgijen?" Dariya. Ni ma na yi, me zan yi?

Bapak bai kawo komai a ransa ba, shi ne abin. Shi jira yake ilmi ya zo ya sa hannu a kan abin da ya riga ya sani. Sau nawa na ji labarin? Mbah Dullah, kakana, ya tsaya a nan lokacin wurin duk ciyawa ne, ya yi azumi, ya jira rana ta faɗi bayan dutse, ya kafa turke ya ce nan ne. Alƙibla yamma ce, yaro ma ya sani. Katakon ginin ma da hannunsa ya sassaƙa. Bapak yana ɗan ƙarami ya ɗauko yashi daga rafi a kwando… kullum a nan muryarsa take rawa, a wurin kwandon.

Mako na biyar ne ko na shida — ranar da fankar aji ta lalace — ka zana tsibirinmu a allo, ka ja layi ɗoɗar zuwa yamma. Ka ce, "Wanda masallacinsu ya kalli yamma sak, ya gaishe mini da mutanen gabar Afirka, don su yake fuskanta. Makka tana nan, sai an karkata dama." Aji ya fashe da dariya. Na yi dariya har da buga tebur. Sai da na hau babur zan koma ɗaki turken Mbah Dullah ya faɗo mini a rai, na kusa afka wa mai sayar da tempe, ƙulli-ƙullin waken soyan nan.

Tun ranar nake ɗauke da abin nan. Ga lissafinka, ga wannan. Ka taɓa sa shi a cikin awa ukun?

Ya Allah, girgijen nan ya zauna. A'a — ya tafi. Ya zauna… Ni kaina ban san me nake roƙo ba. In ya zauna na faɗi darasi, shekara guda ta tafi a banza, amma Bapak ya kwana da murmushinsa. In ya tafi…

Ƙauyen hayin rafi fa? Wani ɗan jami'a ya auna musu, suka manna layi a karkace a kan tayil, suka juya dardumai. Sahu ya koma kamar an yanka kek ba daidai ba, kusurwa ɗaya babu mai tsayawa. Rabin jama'a suka ce su ba za su juya wa iyayensu baya ba. Yanzu salla biyu ake yi, kowa da limaminsa, tsohon limamin kuma a ɗakinsa yake tasa, ko gaisuwar mutuwa ba ya fita. Wannan ba ya cikin takardun da ka raba mana. Ka dai ce, "Ku yi bayani cikin hikima." Hikima a wane shafi take? Ni lissafin kusurwa, su sayin da kosayin, ka koya mini, su ma da ƙyar.

Waya tana kuka a aljihuna. Lokaci ya yi. Kuma kamar da gayya — ga ta. Ga rana, tarwai, har cikin ido. Baranda ta ɗauki kabbara.

Tsaya, zare. Tsaya mana! Iska ce take kaɗa ka? Ga inuwar, siririya, doguwa, ta kwanta a siminti. Ɗigo a nan. Ɗigo a can. Katakon awo a kai, ja layi…

Ba ta bi bango ba.

Ba ta ma yi niyyar bin sa ba. Ta taso daga gindin dutsen ta nufi bangon a karkace kamar akuyar da ta ga ƙofa a buɗe. Ba ɗan kaɗan ba, da zan ce kaurin alli ne. Wannan ko Mbah Sarju da idonsa ɗaya mai hakiya zai gani in ya taso. Sake. Ƙila dutsen bai tsaya ba. Ƙila simintin ne ba shi da daidai, ƙila agogon wayar… Ɗigo. Ɗigo. Nan dai. Nan ɗin dai.

In na ɗan juya katakon fa? Tafin hannu ɗaya a wannan gefen, shi ke nan, layi ya bi bango, a yi kabbara, a cinye rogo, kowa ya tafi gida. Wa zai sani? Kai. Kai za ka sani. Za ka buɗe taswira a kwamfutarka, ka ga rufin masallacinmu daga sama, ka ɗaga hotona gaban aji: "Lastri, a wace ƙasa kika auna?" Kai ko ba ka buɗe ba ma… ni da zan tsaya bayan labulen mata anjima da magariba, na san inda goshina yake kallo. Ka cuce ni, Pak. Da ban sani ba lafiya lau nake salla.

To shi ke nan, a faɗa. Yaya ake faɗa? Bapak, Mbah Dullah bai yi laifi ba, da abin da yake da shi ya auna. Bapak, sallolin baya duk suna nan, malaminmu ya ce malamai sun yi bayani, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa babu ramuwa a kansa — wannan kam na rubuta, har na ja masa layi biyu. Ba rushewa za a yi ba. Dardumai kawai za a ɗan juya. Ɗan juyi ne, Bapak, zuwa dama, kamar haka, ka bi layin da ido, ya wuce ƙarshen bango, ya wuce rijiyar alwala, ya wuce shingen…

Shingen maƙabarta.

Ibu.

Innata tana nan, bayan bangon gaba, ƙarƙashin bishiyar nan mai farin fure. Damina biyu ke nan. Ina tsaye daga bakin shinge ranar, mata ba su matsa ba, amma ina jin komai. Masu haƙa suna tambaya ta ina za su ja, Bapak ya ce, "Ku bi bangon masallaci, ba ya kuskure." Shi ya shiga ramin da kansa. Shi ya kwantar da ita a gefen dama, ya kwance ɗaurin likkafani, ya sa kuncinta a ƙasa. Ya dunƙula ƙasa da hannunsa ya tokare mata baya don kada ta juya. Da ya fito, laka har gwiwa, abu ɗaya ya ce mini, bai ƙara ba: "Na fuskantar da ita alƙibla, Nduk, 'yata. Hankalina ya kwanta."

Ita ma. Da Mbah Dullah. Da duk layin nan, kowa ya bi na kusa da shi, na kusa da shi ya bi bango…

Darduma ana juya ta. Kabari fa? Akwai hukuncinsa, dole akwai, ƙila ma da sauƙi, ƙila babu komai — a wane mako ka koyar da shi, Pak? Ranar da na yi gyangyaɗi ne? Ko yana cikin darasi na gaba, wanda ba gabatarwa ba? Ko da akwai, ko da ka zo da kanka da littafi a hannu, Bapak duk asuba sai ya tsaya bakin shingen nan kafin ya buga gangar da ake sanar da lokacin salla da ita. Ni zan ce masa bango yana kuskure?

Hoto. Ban ɗauki hoton ba. Inuwar ta fara barin layin, tana tafiya abinta, ba ruwanta. Yatsana yana kan waya, ya ƙi dannawa… ya danna. Rabin maki.

Takalmin Bapak nake ji a kan siminti. Ya tsaya a bayana, ƙamshin man da yake shafawa ranar biki. Bai kalli ƙasa ba tukuna, na sani, ni yake kallo, da fuskar nan.

"To, Nduk? Faɗa musu da ƙarfi, Mbah Sarju ba ya ji sosai."

Allin ya narke a tafin hannuna. Na buɗe baki, Pak, ga shi a buɗe…