Sunan Glenys a Ƙasan Takarda

Shekara ashirin da biyu ke nan sunan Glenys Zadow na fitowa a ƙasan duk takardar kamfen da jam'iyyarta ta buga a garinsu. A Kudancin Ostireliya dole a ga sunan wanda ya ɗauki alhakin tallan siyasa, in an shara ƙarya shi doka za ta nema. Glenys kuwa ta daɗe da daina karantawa. Hannu kawai take sawa, ta koma kan kek ɗin 'yan kwamiti.

Bana sai dubu ta cika. Takardar ta ce Noel Pfeiffer, kansilan da ke karawa da ɗan takararsu, ya jefa ƙuri'ar rufe wurin ninƙayar gari a wani zaman majalisar garin. Hukumar zaɓe ta duba, ta ce ba a yi haka ba, sai a raba takardar gyara gida-gida kafin Asabar.

Darren Kloeden, mai tafiyar da kamfen, ya kawo mata gyaran har kicin, bakinsa har kunne.

"Saurara ki ji, Glen. 'Mun yi kuskure. Mista Pfeiffer bai jefa ƙuri'a ba, domin bai halarci zaman ba.' Ai wannan ta fi ta farko zafi! Mutumin da ko leƙawa bai yi ba."

"Wace rana aka yi zaman?"

"Tara ga Agustan bara."

Ranar aka binne mijinta. Noel ne ya ɗauki gaban akwatin, ya kuma tsaya wanke kofuna a zauren coci har yamma.

"Kai ma ka san inda yake ranar, Darren. A ƙara layi ɗaya mana."

"An riga an buga, 'yar uwa. Doka ta ce a faɗi gaskiya, ba ta ce a faɗe ta duka ba. Ina ƙaryar a nan? Nuna min."

Ta karanta sau uku, babu ƙarya ko ɗaya. In ta ƙi, ƙaryar farko na nan da sunanta, ga kotu na jira. In ta yarda, da makokin mijinta za ta soki mutumin. Kunya ta ishe ta, ta sa hannu.

Washegari ta bi layi tana zura takardun a akwatunan wasiƙa, ƙafa na ciwo. Ta so ta tsallake gidan Noel, sai ga shi a bakin ƙofa yana ba furanni ruwa. Ya miƙo hannu, ta ba shi. Ya karanta a hankali har zuwa sunanta.

"Ai gaskiya ne, ban je ba," ya ce.

Ya dubi sauran takardun da ke hannunta.

"Har yanzu gwiwar nan na damun ki, ko? Kawo rabi, Glen, in raba miki wancan layin."