Gwajin Murya

Jar fitilar ɗakin ɗaukar murya ta kama, Mai-labarai ya gyara zama ya fara karantawa. Yau ce shigarsa ta farko tun da hawan jini ya kayar da shi a ƙofar gidan rediyon. Manaja ya ce a gwada shi tukuna. In bakin ya dawo, labaran rana nasa ne. In bai dawo ba, a ba wani.

Farkon ya fita tsaf, da lafazin birni da ya yi shekaru yana gogewa. Yana tsakiyar labarin gyaran gada sai harshen ya zame. Maganar ƙauyensu ta fito da nauyinta da janta, irin wadda ya daina yi a gaban mutane tun yana ɗalibi.

Injiniya ya danna maɓalli daga bayan gilashi.

"Yallaɓai, ka tafi gida ba ka yi mana sallama ba. Mu sake."

Suka sake. Wannan karon ko gadar bai kai ba.

Likita ta riga ta yi masa bayani. Karin harshen biyu duk suna nan a ƙwaƙwalwa, babu wanda ya ɓace. Mai lafiya yakan danne ɗaya ya saki ɗaya ba tare da ya lura ba. Wurin da ke dannewar ne ya taɓu. Da ya tambaye ta ko zai gyaru, cewa ta yi, "Na wasu yana gyaruwa."

Manaja ya saurari faifan a tsaye, bai kai ƙarshe ba ya kashe.

"Malam, kai ka koya mana aikin nan, ba za mu yar da kai ba. Akwai kujera a ɗakin tace labarai. Can ba sai ka yi magana ba."

A tashar mota wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce daga ƙauye, wadda ta goya shi.

"Auta, ya aka ƙare? Sun mayar da kai?"

Ya ji sanyi a ransa. Da ita dai ba sai ya danne komai ba. Ya buɗe baki zai faɗa mata da maganar gida, sai muryar labaran rana ta fito, a goge, kowace kalma a wurinta. Ya sanar da ita cewa hukumar gidan ta yanke shawarar sauya masa wurin aiki.

Ta yi dariya. "Da ni kake ko da jama'ar ƙasa?"

Ya sake gwadawa. Muryar ce dai.

Dariyar ta tsaya. "To. Ni ma na zama mai sauraro ke nan. In ka sauko, ka kira ni." Ta kashe.

Mota ta tsaya a gabansa. Kwandasta ya leƙo ya ce, "Baba, ina za ka?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya nuna hanyar da hannu.