Da Sauƙi

Kellu tana tafasa allurai a kan murhu sai ga Ajimi, direban motar gyaɗa, ya leƙo rumfar zana, ya toshe hanci da hularsa.

"Malama, daga Nguru nake. Ya Fanne ce ba lafiya."

Cokalin hannunta ya faɗa cikin tukunya. Ya Fanne mahaifiyarta ce, ita kaɗai ta rage mata a duniya.

"Me ta ce?"

"Ta ce in gaya miki da sauƙi."

Duk Gashuwa babu wanda ya kai Kellu sanin wannan kalma. Tun da sanƙarau ya shigo gari da bazarar nan take jin ta. Mutum wuyansa ya sandare, idanu sun kafe, ka tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Wasu ma da ita a bakinsu suke cikawa.

Ta dubi tabarmi arba'in da ke shimfiɗe a rumfar. Ita kaɗai ce nas a wannan ɗan asibiti. Abokiyar aikinta ta yi aure bara, aka ce za a turo wata, har yau ana turowa. Likita kuwa baƙo ne kamar watan salla. Rabonta da cin abinci a zaune har ta manta.

"Da la'asar zan juya," in ji Ajimi. "Akwai wuri a gaba."

"Tunda ta ce da sauƙi," ta faɗa ba tare da ta dube shi ba, "sai Juma'a."

Ta san ƙarya take yi wa kanta, amma ta riƙe ƙaryar da hannu biyu.

*

Ranar Alhamis da hantsi Ajimi ya dawo. Wannan karon bai leƙo ba. Ya tsuguna a bakin rumfa, ya cire hula.

"Sai haƙuri, Malama. Jiya bayan azahar aka kai ta."

Kellu ta so ta yi kuka, ta rasa wurin yi. Ko'ina mutum ne kwance, kuma ba mai karɓar ta ko na minti biyar. Ta wanke hannu, ta ɗauki allura, ta durƙusa gaban Mairam, wata tsohuwa mai sayar da kifi daga Dagona.

Mairam ta kama hannun rigarta, murya can ƙasa.

"'Yata, na ji an ce tsohuwarki na kwance. Yaya jikin nata?"

Kellu ta ɗaga allurar.

"Da sauƙi, Iya," ta ce. "Juya mini."