Wutar da Ke Tafiya a Kan Ruwa

Da aka ce duk matuƙin da bai ci gwajin kashe gobara ba za a karɓe takardarsa ta tuƙi, Kawu ne ya fi kowa kumfar baki. Shekararsa talatin yana ƙetarar da fasinja a jirginsa mai inji, kuma ba shi da wata sana'ar.

"Mutum yana zaune a tsakiyar ruwa za a koya masa kashe wuta?" in ji shi. "Gobe sai su koya wa kifi iyo."

Mu sauran matuƙa muka bushe da dariya.

Malamar da 'yan kwana-kwana suka turo 'yar mitsitsiya ce, muryarta ma sai ka kasa kunne. Ta sa aka ajiye faffaɗan farantin ƙarfe a kan simintin bakin tasha, ta tsiyaya fetur a tsakiyarsa, ta cinna. Sannan ta miƙa wa Kawu doguwar sanda da gwangwanin ruwa ɗaure a bakinta.

"Baba, kashe ta yadda ka saba."

Kawu ya tuntsurar da ruwan yana murmushi. Wallahi ban taɓa ganin irin abin da ya biyo baya ba. Wutar ta yi tsalle ta fi tsayin mutum, sannan ta hau kan ruwan ta bi shi lungu-lungu har ta cika farantin. Ruwan da muka dogara da shi duk rayuwarmu, ga shi yana yi wa wuta dako.

"Fetur ba ya nutsewa," in ji malamar. "Ruwa goya shi yake yi, ya kai shi inda bai kai ba."

Kawu ya ajiye sandar. Duk tashar an san gobarar inji ce ta ci ƙanensa, suna jirgi ɗaya, shekara ashirin da suka wuce.

"Guga tara na watsa," ya ce a hankali. "Duk shekarun nan ina zaton sauri ne ban yi ba."

Ba wanda ya iya kallonsa. Malamar ta ɗora masa jar tukunyar kashe gobara a hannu.

"Zare fil ɗin, Baba. Nufi gindin wutar, ka matsa, ka share hagu da dama."

Ya ja, fil ɗin ya ƙi fita, na ce a raina shi ke nan, takarda ta tafi. Sai ya cije, ya fizge, ya matsa. Farin gari ya feso. Kafin na ja numfashi uku wutar ta mutu murus.

Malamar ta sa masa hannu a takarda. Kawu bai ko duba ba, tukunyar yake ta juyawa.

"'Yata, wannan abin, a wancan lokacin akwai shi?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Akwai, Baba."