Baƙin Mai a Rafin Narayi

Hephzibah ta sake zura hannu cikin ruwan, ta ɗago wata tarwada da cikinta ya juya sama, ta jefa a bokiti. Safar hannunta ta yi baƙi ƙirin, man ya haura har gwiwar hannu. Duk inda ta kai ido a saman rafin, baƙin man mota ne kwance yana sheƙi, ya lulluɓe ciyawar jemar da suka dasa a gaɓa, ya manne a jikin duwatsun da suka jera da hannunsu.

Yaran na tsaye a bakin gaɓa, kowa riƙe da gwangwaninsa. Yau Asabar, kuma tun makon jiya ta yi musu alkawarin za su kamo 'ya'yan kwaɗin da suka fara fitar da ƙafa, su duba su, su mayar. Yanzu sun zura wa baƙin ruwan ido.

"Kada wanda ya shigo ruwan nan," ta ce musu ba tare da ta ɗago ba.

Tela ce, tana da ƙaramin shago a Narayi, kuma ita ta fara aikin rafin nan. Shekarun baya bola ta toshe shi, ledar fiya wata da robobi da tsummokara suka cika shi, har wata damina ya tumbatsa ya shiga gidaje. Bayan ruwa ya janye sai amai da gudawa suka biyo baya, suka tafi da ɗanta Emma. Har yau Maman Emma ake kiranta, ita kuma ba ta taɓa hana kowa ba. Da aka share makoki ta ɗauki shebur ta sauka rafin ita kaɗai. Mutane suka ce baƙin ciki ne ya taɓa mata kai. Sannu a hankali wasu matan cocinsu suka biyo ta, samari suka shigo, iyaye suka fara turo yaransu. Bara kaguwa ta dawo. Bana yara suka ga zalɓe tsaye a ruwa, suka yi ta ihu har ya tashi.

Malam Hamza ya gangaro daga sama yana dafa gora. Kafinta ne daga Tudun Wada, dattijo mai furfura a gemu, wanda ya zo gyaran ƙofa unguwar wata rana ya tarar da su suna aiki, tun daga nan bai fasa zuwa ba.

"Na bi sawun man, Maman Emma," ya ce. "Daga garejin Godwin ya fito. Tsohon ramin da suke juye mai ne suka yashe jiya, suka tura komai kwata."

"Na sani tun kafin ka tafi."

"An ce yau yake buɗe sabon wurin wankin mota. Wai shi ya sa suka share filin."

Hephzibah ta miƙe, bayanta ya yi ƙara. Godwin ba baƙo ba ne. Coci ɗaya suke zuwa, shi ya ɗauki akwatin Emma a motarsa zuwa maƙabarta. Ta je garejinsa ta roƙe shi, ta koma ta sake roƙo, ta kai masa tsohon duro kyauta don ya riƙa tara man. A gaban dattawan coci ya dafa ƙirji ya ce ko ɗigo ba zai ƙara shiga kwata ba.

Wata yarinya ta matso daga cikin yaran, siririya mai kitson shuku. Vicky ce, 'yar Godwin, wadda ta fi kowa zuwa da wuri, ita ce kuma ta raɗa wa babbar tarwadar rafin suna Hajiya saboda ƙibarta.

"Anti," ta ce a hankali, "Dadi ne?"

Hephzibah ta san akwai amsa mai taushi. Ba ta neme ta ba.

"Shi ne. Ki leƙa bokitin nan, Hajiyarki na ciki."

Yarinyar ta leƙa, ta saki gwangwaninta, ta juya da gudu tana kuka.

"Haba, Maman Emma," in ji Malam Hamza. "Yarinya me ta yi?"

"Malam, ka sallami yaran su tafi gida."

"To, daga nan fa? Mu ɗauki hoto mu kai wa hukuma ranar Litinin. Ni zan aika a kawo buhunan dusar katako daga shagona, mu jera a ruwa ta tsotse man. Abin da ya rage na kifin a ƙasa, mu cece shi."

"Ku jera. Ni hoto na gaji da ɗauka."

Ta jawo bokitan da suke kwasar shara da su. Ta cika wasu da matattun kifi da kwaɗi, sauran ta yi ta yaɓo musu baƙin laka daga bakin kwalbati, mai kauri kamar kunun da ya kwana. Matan da ke tare da ita suka kalli juna.

Mai keke Napep ɗin da ta tare a bakin titi, Anas, ya toshe hanci da ya ga kayan.

"Madam, wannan ai sai na wanke keke da omo."

"Wurin wankin mota za mu, ɗan'uwa. Mu je."

A hanya ta riƙe bokiti ɗaya tsakanin ƙafafunta, tana jin zuciyarta na bugawa daidai, ba gaggawa. Ta yi mamakin daɗin da take ji. Tun rasuwar Emma ba ta da wanda za ta riƙe da laifi, don ruwan sama ba shi da fuska, bola kuma ta kowa ce. Yau ga mutum da suna da gida da riga. Ta riƙa tsara yadda za ta yi, da inda za ta tsaya, da maganar da za ta faɗa.

Tun daga nesa suka jiyo kiɗa. An kafa rumfa, an jera fararen kujeru, matan zumunta sun sha ankon shuɗi da fari. An shimfiɗa sabon tayil a filin wankin, fari tas, an ɗaura jan ƙyalle a ƙofar shiga. Fasto na tsaye da makirfo yana addu'a, kowa ya sunkuyar da kai. Godwin na gefensa cikin farar shadda da jar hula, matarsa riƙe da almakashi a faranti.

Hephzibah ta jira har aka ce amin. Sannan ta ɗaga ƙyallen ta wuce ta ƙarƙashinsa, ta tsaya tsakiyar tayil ɗin, ta juye bokitin farko.

Kifin suka watsu suna santsi har ƙafar fasto. Wari ya tashi. Wata mata ta yi ƙara, kujeru suka fara faɗuwa. Ta koma keke ta ɗauko na laka, ta watsa shi da iyakar ƙarfinta, baƙin ya fantsama a kan tayil, a kan ankon mata, a kan farar shaddar Godwin daga ƙirji zuwa gwiwa.

"Maman Emma! Kin haukace ne?"

"Kayanka na kawo maka, Baban Vicky. Ka manta da su a rafinmu."

"Wane rafi? Na ubanki ne? Kwata ce ta gwamnati!"

"Fasto," ta juya, "a gabanka ya dafa ƙirji, ko ba a gabanka ba?"

Fasto ya kalli kifin da ke kan takalminsa, ya kau da kai. Wannan ya yi mata daɗi fiye da duk abin da ta tsara. Ta ga yadda baƙi ke kallon Godwin, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Ta ɗauko bokitin ƙarshe ta juye shi a hankali, tana kallon cikin idonsa.

Samari biyu suka yo kanta, Godwin ya ɗaga hannu.

"Ku bar ta. Kada wanda ya taɓa ta, ta samu abin faɗa." Ya goge fuska da hularsa, ya yi wani murmushi. "Ai wurin wanki muka buɗe. Ku tada injin, baƙi su ga aiki."

Injin feshin ruwa ya ɗauka da ƙara. Wani yaron gareji ya riƙe tiyo ya fara kora, ruwan na fita da ƙarfi, yana tattara laka da kifi yana tura su gefe. Tayil ya fara komawa fari. Wasu suka yi tafi.

Hephzibah ta bi baƙin ruwan da ido. Ya gangara gefen filin, ya taru, ya nufi wani rami mai murfin ƙarfe a bakin titi. Sai a lokacin ta gane. Kwatar da ke zuba a rafin ce. Duk tsawon hanya, duk tsarin da ta yi, ko sau ɗaya ba ta tuna da ita ba. Lakar da ta yaɓo da hannunta, wadda ta riga ta fita daga rafin, ga ta nan za ta koma, wannan karon da ruwa mai yawa a bayanta, ta faɗa kan Malam Hamza da buhunansa da ɗan kifin da ya rage.

"Kashe injin nan!"

Yaron ya kalli ogansa. Godwin ya harɗe hannu.

"Ci gaba. Ita ta kawo."

Ta ruga, santsi ya kwashe ta, ta faɗi a gwiwa ta miƙe. Ta fizge ɗankwalinta ta cusa a bakin ramin, bai isa ba. Ta kwance zanen da ta ɗaura kan siket ta dunƙule ta danna, ta taka da ƙafa biyu. Ruwan ya taru a idon sawunta, ya fara ja da baya, ya malala ƙarƙashin rumfa. Mata suka ɗaga ƙafa suna tattare zannuwa.

"Ka ci gaba mana," ta ce, tana haki. "Nan zan tsaya har tankinka ya ƙare. Baƙinka su yi iyo."

Matar Godwin ce ta ajiye farantin almakashi, ta je ta kashe injin da kanta.

Hephzibah ta dubi abin da ke kewaye da ita. In ta ɗaga ƙafa baƙin ruwan zai wuce kwata. In ta tafi za su kora shi. Ta kira mai keke ya miƙo mata bokitan, ta durƙusa a kan zanenta, ta fara kwashewa da tafin hannu.

Ta daɗe tana yi. Baƙi suka ja kujeru can gefe, aka fara raba shinkafa a robobi, kaɗan ne suka iya ci. Fasto ya shiga motarsa ba tare da an yanka ƙyallen ba. Godwin ya tsaya a kanta da baƙar shaddarsa.

"Kin gani? Ke kika zubar, ke kike kwashewa. Me kika samu?"

Ba ta ɗago ba.

"Ranar Lahadi ka zo coci da rigar nan."

Ta tsinci kifin ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai hannu ga babbar, sai ta ga wasu ƙananan hannaye sun riga ta. Vicky ce, an canja mata farar rigar biki, idanunta sun kumbura. Ta ɗauki tarwadar ta rungume a ƙirji, ba ta kalli Hephzibah ba, ba ta kalli ubanta ba, ta zagaya bayan gareji da ita. Hephzibah ta bi ta da ido, ta ci gaba da kwasa.

Da ta gama, ta goge tayil ɗin bakin ramin da ɗankwalinta, ta matse shi cikin bokiti, ta cusa zanen a kai. Anas ya taya ta loda kayan yana girgiza kai.

"To Madam, ina za mu zubar? Akwai bola a bayan kasuwa."

Ta san bolar. Tana gangare, ruwan sama ɗaya zai sauko da ita. Ta tuna ta bakin gada, ta tuna fegin da ba a gina ba a bayan makaranta. Ta bi unguwar kaf a ranta, lungu lungu, kowace hanya ta ga inda take ƙarewa.

"Kai ni gidana," ta ce. "Ina da duro."

Ta shiga ta zauna, ta ɗora bokitin da ya fi cika a cinyarta ta rungume shi.

"Kuma ka bi a hankali. Kada ko ɗigo ya zuba."