Kasake Bakwai a Bakin Hanya

Shekara goma sha tara ina tuƙa katafila, ban taɓa ganin an tsayar da aikin titi saboda mace ɗaya mai riƙe da buroshin fenti ba, sai a wannan aikin. Za a faɗaɗa hanya ne, doka kuma ta ce sai masu binciken kayan tarihi sun duba ƙasar tukuna. Aka turo mana ita da mutanenta. Leburori suka laƙaba mata Mai Buroshi, ta amsa.

Aikina shi ne in riƙa fere ƙasa a hankali, tana tsaye gaban cokalin motar tana kallo. Injiniya kuwa kullum yana duba agogo.

"Malama, a haka sai jikokina ne za su zuba kwaltar nan," in ji shi.

"To ka fara koya musu," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Rana ta huɗu, wajen sha ɗaya, ta ɗaga hannu. Na kashe mota. Ƙasar ta sauya launi, ta yi santsi kamar an daɓe ta jiya. Kwana biyu suna sharewa ita da mutanenta, sannan ta kira ni.

"Direba, sauko ka ga abin da ka kusa takawa."

Ɗaki ne. Ga gindin bango, ga bakin ƙofa, ga murhu da gawayinsa. Kusa da murhun tukunya ce a zaune, kasake bakwai sun kewaye ta, kowanne a inda mutum zai zauna. Ɗaya ɗan ƙarami ne, bai kai tafin hannuna ba.

"Gobara ce?" na tambaya.

"Babu alamar wuta. Babu ƙashi ko ɗaya. An ɗora abinci, an jera kasake, shi ke nan."

"To ina suka tafi?"

Rana tsaka, motoci na wucewa a bayanmu, amma na lura duk mun rage murya. Wani lebura da zai shiga ramin da kwandon ƙasa ya tsaya a bakin ƙofar ya yi sallama, bai ma san ya yi ba. Ba wanda ya yi dariya. Ni dai na ji kamar muna jiran a amsa.

Injiniya ya zo da faɗansa a baki. Ya leƙa, ya daɗe yana kallon ɗan ƙaramin kaskon. Can ya ce, "Shekara nawa?"

"Wataƙila ɗari shida. Sai an gwada gawayin."

"Ba ɗakin ba. Mai wannan."

"Biyu, ko uku," ta ce.

Sati uku bayan nan takarda ta fito, an karkatar da hanyar mita shida. Mai Buroshi ta ɗauki hotuna, ta zana komai, ta ɗebi gawayi kaɗan, ta bar sauran yadda ta same su. Aka shimfiɗa leda mai kauri, aka zuba yashi.

Ni aka ce in rufe. Na ɗebo ƙasa cike da cokali, na kawo shi saman ɗakin, hannuna ya ƙi sakin giyar da ke juye ƙasar. Na sauko na karɓi shebur. Leburori huɗu suka taya ni, muka gama bayan la'asar.